Dalilin da Ya Sa Dodo Ba Ya Tauna

Dalilin da ya sa a tatsuniya Dodo yake haɗiye mutum ɗungurungum, ku matso ku ji, don aikin gidanmu ne. Malamin da ya kore ni daga aji ma bai san wannan ba.

A zamanin da, Dodo haƙora gare shi kamar taɓare. Wanda ya kama, ko ƙashinsa ba a gani.

Wata rana da hantsi kakan kakana, Barmo Wanzami, yana wasa aska a ƙofar gida, sai ga Dodo riƙe da kumatu. Gari ya watse. Aka bar Barmo shi kaɗai.

Dodo ya ce, "Wanzami, haƙori ya hana ni ci. Gyara mini, in gwada shi a kanka."

Barmo ya leƙa bakin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarunka nawa ba ka yi famfara ba? Ai waɗannan haƙoran na yarinta ne. A cire su duka, manya su fito."

Dodo ya ce, "Za su fi waɗannan kaifi?"

"Nesa ba kusa ba."

Dodo ya zauna. Barmo ya sa awartaki yana cirewa, har rana ta take. Da ya gama ya juya shi wajen wata tsohuwar katanga, ya ce, "Hangame baki ya sha iska."

Katangar kuwa cike take da ƙadangaru. Suka leƙa, suka gyaɗa kai.

To, kun dai sani, giɓin da ƙadangare ya gani, haƙori ba ya sake fitowa. Wata tsohuwa da ke ɓoye a bayan rumbu ta kasa yin shiru. Ta ce, "Innalillahi, Barmo, ka gama da shi. Sun gani."

Dodo ya shafa dasashi, ya dubi ƙadangarun, ya dubi Barmo. Ya kai masa cizo, babu abin cizo. Sai ya haɗiye shi, har da zabirarsa ta aski.

Mata suka fara kuka. Can sai aka ga tsinin aska ya ɓullo ta cikin Dodo, Barmo ya fito yana tambayar wa ya ga hularsa.

Shi ya sa har yau Dodo sai haɗiya, kuma duk wanda ya shiga da wuƙa yakan fito da ransa. Kai mai giɓi, rufe bakinka, ga wani ƙadangare can a kan katanga.