Ƙahon da Ranau Ya Binne

Tun zamanin da ɓauna ke shan ruwa a inda kasuwarmu take ci yanzu, an yi wani maharbi ana ce masa Ranau. Daga arewa ya gangaro da baka da kwari da karnuka tara, ya sauka a wani ƙauye gabas da nan, wanda yau ko kufansa ba a gani. Ana masa kirari da Ranau na Tarana, mai ƙaho ɗaya karnuka tara, ka busa sau ɗaya daji ya maido abin da ya ɗauka.

Maharban lokacin kukansu ɗaya ne. Kare ya ga barewa ya bi ta, shi ke nan, sai mai shi ya yini yana tsage maƙogwaro. In ya dawo da yamma a tarye shi da sanda, gobe ya ƙara nisa. Ranau yakan ce wannan wauta ce tsagwaronta. "Ka kira shi ya zo, ka doke shi. To me ka koya masa in ba gudu ba?"

Shi tun kare yana kwikwiyo yake ɗaura masa igiyar rama mai tsawon gaba ashirin, ya bar shi ya yi ta shinshine-shinshinensa, sannan ya busa ɗan ƙahon gada da ke rataye a wuyansa. In kare ya zo, ya ba shi busasshen nama daga tafin hannu, ya shafa kansa, ya sake shi ya koma wasa, don kada ya ɗauka kira ƙarshen jin daɗi ne. Daga tsakar gida zuwa bayan gari, daga nan zuwa daji, har igiya ta rasa amfani. Bai taɓa busa ƙahon cikin fushi ba. Uwar karnukan, wata ja mai suna Guguwa, an ce ta taɓa sakin wuyan barewar da ta riga ta kama, don ta jiyo ƙaho daga bayan tsauni uku.

Amininsa a ƙauyen shi ne Cindo, ɗan mai gari. A akushi ɗaya suke ci, kuma Ranau ne ya taɓa janyo shi daga ƙarƙashin ɓauna.

Wata bazara aka wayi gari an farke tumakin mai gari uku. Ga sawun kura a fili, amma an ga Guguwa tana shinshina wurin, sai aka yi mata ca da jifa. Ta gudu ta hau tudun bayan gari da 'ya'yanta takwas. Aka bi ta har rana ta take, ina, ko ƙurarta ba a kamo ba. Sai Cindo ya zo wurin Ranau.

"Aminina, baba ya ce bakinta kawai za a duba. In babu gashin tunkiya a haƙoranta, magana ta mutu. Kira ta."

Ranau ya ce, "Cindo, ƙahon nan bai taɓa yaudararta ba."

Cindo ya dafa ƙarfen gatarinsa, ya rantse da nonon da ya sha cewa ko ƙuda ba zai taɓa ta ba.

Ranau ya busa. Guguwa ta sauko a guje tana kaɗa wutsiya, ta ratsa ta cikin mutanen da suka jefe ta da safe, ta sa bakinta a tafin hannunsa. Nan wasu ƙarti suka fito daga bayan rumbu da kulake. Wanda ya riƙe Ranau ta baya har aka gama, Cindo ne. 'Ya'yanta takwas suna bakin gari suna kallo.

Ranau bai yi ihu ba. Ya ce, "Da hannuna ka sa na miƙa ta. Da sare ni ka yi, da ya fi mini sauƙi."

Cindo ya kau da kai. "Dabba ce fa, Ranau. Baba ya ce sai an zubar da jini."

Ranau ya saɓa gawar a kafaɗa ya bar ƙauyen. A cikin daji ya busa ƙaho don ya tara karnukansa, sai ya hango su suna ƙara nisa, wutsiya a tsakanin ƙafafu. Wannan ya fi dukan kulake yi masa ciwo, har ya zauna ya yi kuka. Ya haƙa rami a gindin wata tsamiya, ya binne Guguwa tare da ƙahon.

Kwana arba'in ya yi a wurin bai kira kowa ba. Yakan ajiye nama, ya ja da baya, ya zauna. Ranar da karen farko ya soma matsowa da kansa, Ranau ya tafa hannu sau biyu a hankali, ya miƙa masa tsoka. Tafi biyu ya zama sabon kira. Ɗaya bayan ɗaya bakwai suka dawo, kuma taɓon da ke ƙafafunsu ya bi har ya gano maɓuɓɓugar da muke sha yau. Na takwas, wani baƙi mai suna Duna, bai taɓa dawowa ba. Yakan tsaya a kan tudu ya dubi Ranau, ya juya.

Mutane suka taru a bakin ruwan, gari ya kafu. Tsohon ƙauyen kuwa kuraye suka gama da garkunansa, tun da babu karen da zai yi haushi. Shekarar fari Cindo ya zo da iyalinsa suna neman ruwa. Ranau ya sa aka ba su, amma har ya mutu bai ƙara miƙa wa Cindo hannu ba.

Shi ya sa ake ce wa garin nan Binne-Ƙaho. Ba a busa ƙaho a cikinsa, kuma duk wanda aka kira ya amsa, kare ne ko mutum, ba a dukansa a wannan zuwan komai laifinsa. Tsamiyar tana nan. Har yau maharbinmu in ya dawo daga daji yakan ajiye tsoka ɗaya a kan tudun Duna, ya tafa sau biyu, ya ɗan jira kafin ya wuce gida.