Ƙulli Na Bakwai

Akwai wani bakanike da abokan aikinsa ke kira Injiniya. Ba karatun ya yi ba, bakinsa ne ya ja masa sunan. Ko mota ta zo da matsalar da bai taɓa gani ba, sai ya leƙa injin, ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne." Hannunsa na da kyau, wannan babu musu. Amma a ce ya buɗe baki ya ce bai sani ba, gara a ce ya ɗaga tirela.

Mahaifinsa maharbi ne, kakansa ma haka. Gidansu yana bakin daji, tafiyar awa uku a mota daga garin da yake aiki. Yana yaro ya sha bin Baba daji. A nan ya koyi bambanta sawun gada da na akuya, da tsayawa ta inda iska ba za ta kai wa dabba warin mutum ba, da cewa a gidansu ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa. Da ya girma ya shiga gari, duk wannan ya zama labarin da yake bayarwa a gareji don a yi dariya.

Abin da ya fi yi wa dariya shi ne igiya.

A jikin ƙofar gidansu akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai igiyar fata da hannu ya mayar baƙa. Duk tarkon da Baba ya ɗana a daji, in ya dawo sai ya yi ƙulli ɗaya. Duk wanda ya cire, sai ya warware ɗaya. Muddin akwai ƙulli a igiyar nan, babu mai tsallake rafi ya shiga dajin sai mai tarkon. In an gan ta a miƙe, kowa ya shiga harkarsa.

Kaka ne ya fara ta. Wata shekara ya manta da tarko guda, irin na ƙarfe mai haƙora da ake ɗana wa mugun dawa. Ƙaramin ɗansa, wanda yanzu kowa ke kira Baffa, shi ya taka shi yana saurayi. Tun daga ranar Baffa ke jan ƙafa da sanda, kuma a ranar Kaka ya yanko igiyar daga jakar farautarsa.

Injiniya kan ce, "Baba, a zamanin waya kana lissafi da igiya? Ka bari in sa maka a waya mana."

Baba sai ya yi murmushi ya ce, "Wayarka a aljihunka take. Wannan kowa na ganinta."

Wata rana Baba ya dawo daga daji, ya yi ƙullinsa, ya juya zai shiga ɗaki sai ya yanke jiki ya faɗi. Aka kai shi asibiti. Injiniya bai iso ba sai a kwana na uku, da baƙin mai a farcensa.

Ya tarar Inna, mahaifiyarsa, ta fita karɓo magani. Baba na kwance, ya rame, muryarsa da ƙyar take fita. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Na bar bakwai a daji," in ji shi. "Baffanka ba ƙafa. Kai za ka cire su. Matso ka ji."

Ya fara lissafawa a hankali. Biyu a bakin rafi. Ɗaya a gindin babban suri. Biyu a hanyar duwatsu. Ɗaya a bayan tsohuwar rijiya. Yana cikin haka wayar Injiniya ta yi ƙara. Wani mai mota ne da ya bar wa aiki rabi. Ya miƙe ya nufi taga, waya a kunne, yana cewa, "Ci gaba Baba, ina jin ka."

Ba ya jin sa. Yana ganin leɓen tsohon na motsi, shi kuwa yana ba mai mota haƙuri.

Da ya dawo ya zauna, Baba ya ce, "Ka riƙe?"

"Na riƙe duka."

"Maimaita min."

"Haba Baba. Ni da nake haddace lambar mota daga gani ɗaya?"

Baba ya dube shi ya daɗe, sannan ya rufe ido. "In ka rasa, ka tambayi Baffanka."

Washegari da hantsi Baba ya cika.

Ba zan rage wa Injiniya komai ba, ya yi kuka, kukan gaske. Ya zauna a ɗakin Baba ya rungume jakar farautarsa, yana shaƙar warin albarushi da gumin ubansa, har Inna ta zo ta ɗaga shi.

Kwana biyu da binne Baba, Baffa ya kira shi bakin ƙofa. Ya ciro igiyar daga ƙusa ya damƙa masa, ƙulli bakwai reras.

"Kowane maharbi a gidan nan, ɗansa ke rufe masa daji," in ji Baffa. "Ubanka ya yi wa namu uban. Zauna in faɗa maka wuraren da Yaya yake ɗanawa."

"Ya faɗa min da bakinsa, Baffa. Kada ka wahalar da kanka."

Ya saɓa buhu ya tsallake rafi.

Dajin bai manta da shi ba. Ga dutsen da Baba ya fara ɗora masa bindiga a kafaɗa, ga inda ya taɓa cin mari don ya yi magana da ƙarfi. Ya sami na bakin rafi, ya danna su da sanda suka rufe, ya jefa a buhu, ya warware ƙulli biyu. Na gindin suri ya kama gada, ta mutu har ta fara wari. Nan hawaye ya sake zubo masa, don Baba bai taɓa barin dabba ta kwana biyu a tarko ba. Kafin azahar ya cire shida.

Saura ɗaya.

Ya yi gabas ya yi yamma, yana zungurar ciyawa da sanda. Rana ta take, ruwansa ya ƙare. Ya zauna a kan dutse yana ƙoƙarin tuna motsin leɓen Baba, amma abin da ke dawo masa a kunne muryar mai mota ce.

Gida bai fi tafiyar rabin awa ba. Baffa na zaune a bakin ƙofa. Tambaya ɗaya ce. Amma in ya tambaya, sai ya faɗi dalilin da ya sa bai ji ba, cewa ubansa na maganar ƙarshe shi yana kan waya. Wannan ne ya gagare shi.

Ya dubi ƙulli na bakwai. Baba ya ja shi da ƙarfi, farce ya kasa. Da haƙori ya warware shi.

Da ya iso gida ya zazzage buhun a gaban Baffa, ya rataye igiyar a miƙe. Baffa ya bi tarkunan da bakin sandarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Shida nake gani."

"Ɗayan tsatsa ta cinye shi, ya karye. Na jefa shi a rafi."

"Tsatsa?" Baffa ya ɗago. "Yaya da ke shafa musu mai kamar jarirai? Wanne ne, na gindin tsamiya?"

Sai Injiniya ya tuna. Tsamiya. Can ƙarshen daji, inda Baba ke hutawa ya rataye gorarsa. Bai ko leƙa wajen ba.

"Shi ne," in ji shi.

Baffa ya buɗe baki zai ƙara tambaya, Inna ta leƙo daga ɗaki. "Baffansu, ka bar yaron nan ya huta mana. Ubansa ya rasa, ya wuni a rana. Tunda ya ce ya cire, ya cire."

Baffa ya tura tarkunan gefe da sandarsa.

To yanzu fa Injiniya ya san inda tarkon yake. Ya ce a ransa gobe da sassafe zai lallaɓa ya ciro shi. Da gari ya waye ya tarar Baffa ya riga shi zama a bakin ƙofa, kuma babu hanyar rafi sai ta gabansa. Me zai ce zai koma yi? Sai ya ce wa kansa ƙarshen mako. Ya hau mota ya koma gari.

Ƙarshen mako ya zo, aiki ya yi yawa. Wani ƙarshen makon ya zo, ya wuce. Sau biyu yana kiran Inna da niyyar ce mata kada kowa ya je wajen tsamiya, sau biyu yana ƙarewa da, "Ya jiki, ya haƙuri?" ya kashe. Ya riƙa lallashin kansa cewa Inna ba ta fita ko'ina tun rasuwar, kuma wataƙila wata dabba ta riga ta taka shi. Mutum in yana son ya yi barci, ba ya rasa abin da zai gaya wa kansa.

Wata biyar suka wuce. Damina ta sauka, ciyawa ta rufe komai.

Wata safiya Inna ta fito da ƙaramin kwando. Ta ce wa Baffa kewar Yayansa ta dame ta, tana so ta je ta ga inda yake zama, ta ɗauko gorarsa in tana nan. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙusa, kamar yadda ta saba shekara arba'in. Igiya a miƙe. Baffa ma ya duba, ya ce ta dawo lafiya.

Sai bayan la'asar wani makiyayi ya ji nishi a gindin tsamiya. Ya same ta kwance, ƙarfen ya kama ta a saman idon sawu, ta yi ta ƙoƙarin buɗe shi har farcenta ya ɓalle. Gorar na rataye a reshe, taku uku daga inda ta faɗi. Man da Baba ya shafa ya yi aikinsa, tarkon bai yi tsatsar da za ta hana shi rufewa ba.

Inna na da ciwon suga. Likita ya yi kwana tara yana fama da raunin, a na goma ya kira Injiniya gefe ya ce in ba a yanke ƙafar ba za a rasa Inna gaba ɗaya. Aka yanke daga ƙasan gwiwa. Injiniya ne ya sa hannu a takardar.

Baffa bai zage shi ba. Ya zauna a bencin asibiti, ya jingine sandarsa, ya ce, "Ubanmu ya yanka igiyar nan don kada a sami na biyu a gidan. Shekara hamsin ba ta yi ƙarya ba."

Da Inna ta farfaɗo, Injiniya ya durƙusa a gefen gadon. Ya faɗa mata komai, wayar, tagar, dutsen da ya zauna, haƙorin da ya sa. Yana magana yana kuka, yana jiran ta tsine masa, don da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ta ɗora hannu a kansa. Muryarta a sanyaye take.

"Na yafe maka, ɗan nan. Abu ɗaya ne ke min ciwo. Tun da aka kawo ni gidanku, ko igiya na miƙe, in na shiga dajin nan sai na duba ƙasa, don ubanka mutum ne, yana iya mantuwa. Ranar nan kaɗai na tafi kaina a sama ina neman gorarsa. Na ce ai ɗana ne ya cire."

Yanzu sanda biyu ake jinginawa a ƙofar gidan. Igiyar kuwa tana gareji, rataye a ƙusa kusa da sifanoni. Ya mayar da ƙullin da hannunsa, ya ja shi da ƙarfi, ya ce kada wanda ya taɓa. In abokan aiki suka kira shi Injiniya, ba ya amsawa.

Darasi: Cewa "ban ji ba, a maimaita min" kunyar minti ɗaya ce. Ƙaryar da ka yi don tsare girmanka tana nan inda ka binne ta, kuma wanda ya fi yarda da kai shi zai taka ta, don shi ne ba zai duba ƙasa ba. In iyayenka na magana, ajiye wayar. In an bar maka amana ba ka cika ba, faɗa tun yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai ƙullin da ya warware da haƙori.