Maƙerin Tukwane da Guntayen Tsohon Inji

Akwai wani mutum, maƙerin tukwane, wanda matarsa ce ke tuƙa tuwon ikilisiya kowace ranar godiyar kaka. Tukunyarta ta baƙin ƙarfe ce, sai mutum biyu ke iya ɗaga ta, ga shi kuwa ciwon baya ya sa matar a gaba. Tausayinta ya kama shi, ya ce, "Uwargida, bana kin huta da wannan dutsen. Zan zuba miki wadda za ki ɗaga ke kaɗai."

To, shi mutum ne mai son abu tsantsa, da ɗan girman kai a ciki. Ya tsince tsofaffin wayoyin alminiyam masu sheƙi ya narka, guntayen injin mota kuwa, da suka yi baƙi ƙirin da mai, ya watsar da su bayan katanga. Tukunya ta fito fes, ba nauyi. Amma da matar ta sa muciya ta danna tuwo, sai gindin ya lotsa, kunne ɗaya ya lanƙwashe. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Maigida, wannan ai ta ado ce. Miƙo mini tsohuwata."

Abin ya yi masa ciwo, ga godiya saura mako biyu. Sai maƙwabcinsa, wani bakanike, ya leƙo ya ce, "Malam, inji na shan wuta shekara da shekaru, ka taɓa ganin ya lotsa? Shi ma alminiyam ne, amma gauraye da wasu ƙarafa."

Maƙerin ya zaga bayan katanga, kai a sunkuye, ya kwaso abin da ya zubar. Ya sa kaɗan cikin alminiyam ɗin ya narka, amma tukunyar da ta fito ta yi laushi. Ya ƙara, ya sake narkawa, har sau shida. Ranar godiya matarsa ta ɗauki tukunyar da kanta, ta tuƙa tuwo son ranta, ko gezau tukunyar ba ta yi ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ikilisiyar da ta tara irinmu kaɗai tana da kyan gani, amma ba ta jure wahala. Ubangiji yakan haɗa mu da waɗanda muka rena, mai wani yare, mai tsohuwar riga, wanda ya faɗi ya tuba, domin jikin Almasihu ya yi ƙarfi. Kowannenmu ya san wanda ya ƙi gaisarwa yau da safe. Kada ya tafi gida bai miƙa masa hannu ba.