Wayar Da Aka Soka A Ramin Sama

Akwai wani mai shagon wasannin kwamfuta da ake kira Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, har ya rubuta a jikin ƙofa.

Wata Asabar ya shirya gasa, za a fara ƙarfe huɗu. Saboda ita ya sayi sabon katin girafik, wato abin da ke zana hoton wasa, ya ba maƙwabcinsa Baba Mai Gyara ya ɗaura masa a babbar kwamfuta.

Ƙarfe uku aka kunna don gwaji, shago cike maƙil. Motar cikin wasan sai ta ɗan tafi, ta cije, ta yi tsalle. Lambar da ke kusurwar allo ta nuna firem goma sha biyar, wato hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, maimakon ɗari da wani abu. Aikin katin kuwa kashi ɗaya cikin ɗari, ko fankarsa ba ta motsi.

Injiniya ya rage ingancin hoto, ya sabunta manhajar katin, ya kashe ya kunna har sau uku. Shiru kake ji.

"Oga, da wannan za mu yi gasar?" in ji wani ɗan wasa. "Ai wayata ta fi ta gudu!"

Aka tuntsire da dariya. Kunya ta kama Injiniya, nan take ta koma masa fushi. Ya leƙa waje ya ƙwala wa Baba kira.

"Baba, ina katina? Ka cire sabo ka sa min matacce, ko? Ɓarawo kawai!"

Shekara ashirin Baba yana gyara a layin nan, rabin mutanen wurin shi suke bar wa kwamfutocinsu. Ga shi sun fara kallonsa ta gefen ido.

Baba ya shigo, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Ɗana, bari in duba bayan kwamfutar."

"Kada ka taɓa! Taɓawarka ce ta jawo mana wannan."

Sai da 'yan wasa suka sa baki. Saura kwata huɗu, dattijon ya durƙusa da ƙyar, ya haska da fitilar wayarsa.

"Wa ya matsar da teburin nan?"

"Ni ne, da safe, don ɗaukar hoto. Na zare wayoyin, na mayar da su da kaina. Me ya shafe ka?"

Baba ya zare wayar allo daga ramin sama, ya soka ta a na ƙasa. "Wancan ramin ba na katin ba ne. Tun safe katinka zaune yake, ba wanda ya ba shi aiki."

Aka sake buɗe wasan. Fanka ta ɗauka, lamba ta haye ɗari da arba'in.

Injiniya ya matso yana raɗa: "Baba, ka yi haƙuri."

Baba ya karkaɗe gwiwarsa. "Da ka kira ni ɓarawo, har bakin titi an ji ka. Haƙurin ne sai ni kaɗai?"

Dole Injiniya ya ɗauki lasifikar gasa ya nemi gafara. Baba ya ce ya yafe, amma bai ƙara taɓa masa kwamfuta ba. Sunan Injiniya kuwa ya bi ruwa, yanzu duk layin Ramin Sama ake kiransa.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, duba abin da hannunka ya taɓa. Waya cikin daƙiƙa ake mayar da ita, mutuncin da ka zubar wa mutum kuwa ba haka yake komawa ba. Ku tura wa abokanku masu saurin baki.