Fitilar Kifin Baba Jatau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da wutar lantarki ba ta daɗe da shiga gidajen mutane ba. Sunansa Haladu, ana ce masa Haladu mai wuta, don jan waya da ɗaura fitila su ne sana'arsa. Ba shi da shago, daga tsohon keke sai jakar kayan aiki. Gaskiyarsa kowa ya shaida. Amma yana da kunya, irin kunyar nan da in babba ya ce masa yi, bakinsa ba ya iya cewa a'a. Ku riƙe wannan, don a nan labarin yake.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Mamuda. Mahaifinsa, Baba Jatau, masunci ne, a kogi ya ƙarar da ƙarfinsa. Da tsufa ya zo, ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo, sai ɗan ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsa. Ga abinci, ga shimfiɗa mai laushi, amma tsoho kullum ramewa yake, ba shi da zance sai na kogi. Sai Alhaji ya sayo masa akwatin gilashi mai murfin ƙarfe, irin wanda ake kiwon kifi a cikin ɗaki, aka zuba jajayen kifayen ado. Tsoho ya leƙa, ya ce, "Wannan kifi ne ko fure?" Sai da aka aika ƙauye aka kawo 'yan karfasa da kurungu sannan ya yarda. Sai dai idonsa ba ya kama su in ba haske a kansu. Aka kira Haladu.

Haladu ya auna murfin, ya zaɓo dogon ƙwan lantarkin nan fari daidai tsawonsa, don shi ba ya zafin da zai dama wa kifi ruwa. Cok ɗin, wato ɗan ƙarfen da ke tada ƙwan, ya kafa shi a bango, nesa da ruwa. Saura mariƙai biyu masu kama bakin ƙwan. To ku saurara. Ruwan da ke rufe yana gumi, gumin ya taru a ƙarƙashin murfi, ya riƙa ɗiga. Don haka irin wannan aiki yana da mariƙinsa na musamman, mai bakin roba da ke toshe ko'ina. Haladu ya zaga kasuwa kaf, babu. Sai a babban birni.

Ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, mariƙin bai samu ba."

Alhaji ya ce, "Wanda ake sawa a ɗaki fa? Ba ya kawo haske?"

"Yana kawowa, sai dai..."

"To sa shi mana. Tsoho tun safe yake zaune gaban akwatin nan. Kai dai ka cika tsoro, Haladu."

Maganar tana bakinsa. Ya san abin da ya kamata ya ce: ruwa zai shiga, wuta za ta bi murfi. Ya dubi Alhaji, ya dubi tsoho, ya haɗiye ta. Ya ce, "To." Ya sa na ɗaki, ya naɗe shi da salatif, wayar ƙasa ma da ke kwashe wuta in ta ɓalle ya bar ta sai ya dawo. A ransa yana cewa ai na ɗan lokaci ne, kuma wa zai sa hannu a ruwan kallo?

Da ya kunna, akwati ya haske. Baba Jatau ya matso har hancinsa na taɓa gilashi. Ya ce, "Kai! Ga kurungu can yana iyo a rigingine, ɗan banza, ko a birni halinsa bai canja ba!" Ya yi dariya har da tari, ya yi ta sa wa Haladu albarka.

Albarkar nan ta yi masa daɗi, aiki kuma ya yi ta zuwa. Tafiya birni ta zama gobe, ta zama jibi.

Ran nan bayan la'asar ya biyo ya gaishe da tsoho. Ya tarar da shi ya naɗe hannun riga, ya ɗan ɗaga murfi ya jingina shi a damtsensa, hannu tsundum cikin ruwa yana shafa kifi. Masunci ne, jama'a. Masunci ba ya sanin kifi da ido kaɗai.

Tsoho ya ce, "Mai wuta, zo ka ji abin mamaki. Ruwan nan ya fara zama na gaske. In na sa hannu sai in ji zirr, kamar minjirya na kusa." Minjirya, ku yaran yanzu, kifi ne mai fizgar mutum kamar lantarki.

Haladu ya gane wuta ce ta shiga ruwan. Ya yi tsalle ya zare filogi. Ya kwance salatif, ya ga mariƙin sharkaf, har ya yi kore. Nan take ya cire ƙwan.

"Haba ɗana, ni da minjirya ta taɓa kayar da ni a cikin jirgi na tashi na ci gaba da su?"

"Baba, waccan tana saki. Wannan in ta riƙe ba ta saki."

Alhaji ya shigo ya ga akwati ya yi duhu. A nan Haladu yana iya cewa ƙwai ne ya mutu, ba wanda zai gane. Sai ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Tun ranar da na sa mariƙin nan na san bai dace ba, na ji nauyinka na yi shiru. Da rabon a yi, da yau wuta ta kama Baba."

Alhaji ya fusata. "Ka sani ka yi shiru? To naɗe shi da kyau ka mayar, kafin a samo ɗayan."

"A'a, ranka ya daɗe."

"Me ka ce?"

"A'a. Ko wani ka kira, zan tsaya a ƙofa in gaya masa abin da na gani."

Alhaji ya kore shi. Magana ta bazu cewa Haladu ya kusa kashe tsohon mutane, masu kiransa aiki suka ja baya, bai musa wa kowa ba. Shi ma Alhajin tsoro ya hana shi sa wani ya mayar. Ya ba da saƙo birni, aka kawo abin da ba shi ba. Aka gwada fitilar ɗaki, sai ta riƙa ƙyalli a jikin gilashi, tsoho ba ya ganin komai sai inuwa.

Haladu ya ajiye keke ya hau mota da kansa. Damina ce, hanya ta lalace. A birnin ma aka ce mariƙan sun ƙare, ya sauka wurin wani ɗan'uwansa yana bin shaguna har Allah ya sa ya samu. Ya dawo, bai ko biya gida ba. Yana shan kwana sai ya hango tabarmi a ƙofar Alhaji, mutane zazzaune. Zazzaɓi ya kwantar da Baba Jatau, ya rasu, har an kai shi.

Da aka tashi daga zaman makoki, Haladu ya koma ya nemi izini. Alhaji ya ce, "Wa zai kalla yanzu?" Haladu ya ce, "A bar ni in gama aikina." Ya sa mariƙai masu roba, ya ja wayar ƙasa, ya kunna. Kurungu na nan yana iyonsa a rigingine. Kujerar tsoho na gaban akwati, ba kowa a kai.

Alhaji ya ce, "Har ranar da ya kwanta hannunsa na cikin ruwan nan. Da ka bi maganata ka mayar, da ban yafe wa kaina ba. Ka yi haƙuri, Haladu." Sannan ya ce, "Kullum sai ya tambaya, mai wuta bai dawo ba?"

Haladu ya kifa kai a bango ya yi kuka. Mutane suka dawo suna yabonsa, shi kuwa har ya tsufa in an tada zancen sai ya ce, "Da ranar farko na faɗa, da an samo mariƙin tun ana rani, da tsoho ya tafi yana kallon kifinsa."

To kun ji. Haladu ba maƙaryaci ba ne, ba macuci ba ne, Allah ya sa gaskiyarsa ta tsare rai. Amma jinkirin da ya yi mata ya ci hasken kwanakin ƙarshe na tsoho, kuma ba a sake samun waɗannan kwanaki. Gaskiya tana da lokacinta, lokacinta shi ne sa'ad da ta zo bakinka. Kai magini da ka ga tsaga ka shafe ta, kai direba da ka ji birki na wasa ka ce sai an dawo, ke da kika ga abin da zai cutar da maƙwabciya kika ce kina jin nauyi: wannan ba kunyar da addini ya yaba ba ce. Girmama babba shi ne ka rusuna ka gaya masa a'a in a'a ce. Kowa a nan yana da wani abu da ya naɗe da salatif yana cewa gobe. Ku tashi ku kwance shi yau. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon faɗa a kan kari.