Kifayen da Ke Shiga Fada Ba Wutsiya

A zamanin da, an yi wani sarki mai gari a bakin teku. Ran nan aka kawo masa ƙara. Wani falke, Buwai, ya ce Jatau masunci ya tsaga masa tafin hannu da wuƙa, suna cikin gardama a kan kwandon kifi.

Jatau ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zare wuƙa ba. Hannu ya cusa a kwandon, kifi ya yanke shi."

Sarki ya kira Malam Sambo, wanda ya tsufa yana rarraba kifayen teku dangi-dangi. Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun ji masunta na cewa shuɗin kifi na da wuƙa. Amma na kwandon nan baƙaƙe ne, danginsu daban. Launi ya raba su."

A dokar garin kuwa, wanda ya zare wa mutum wuƙa korarsa ake yi. Sarki ya ce gobe Jatau ya bar gari.

Da aka kawo abinci, sai Waziri ya yi ta juya baƙin kifin da ke cikin akushi, irin na kwandon Jatau. Can ya ce, "Malam, ka taɓa ganin wutsiyar irin wannan?"

Malam ya ce, "Wallahi ban taɓa ba. Haka suke zuwa mini nan fada, ba wutsiya."

Aka kira Sarkin Ƙofa. Ya ce, "Yo ai kaifi ba ya shiga gaban Sarki. Tun kakanni, a ƙofa muke datse wutsiyoyinsu."

Da safe Sarki ya fita bakin ruwa da jama'arsa. Aka jawo taru, Malam ya durƙusa yana dubawa. Shuɗi da baƙi, kowanne da wuƙa guda a kowane gefen gindin wutsiya, mai kwanciya ta tashi. Wani irin shuɗin kuma nasa biyu-biyu ne a kowane gefe, kafaffu.

Malam ya ce, "Ashe ga inda dangin yake, a wutsiya, ba a launi ba. Sai na sake rabon daga farko."

Buwai ya sunkuyar da kai. "Ni dai zafi na ji, ranka ya daɗe. Wuƙa kam ban gani ba."

Sarki ya ce, "Ba ka gani ba ka yi ƙara, mu ma ba mu gani ba muka yanke hukunci. Jatau, ka yafe mana."

Jatau ya koma gida, ya tarar matarsa ta gama ɗaure kaya. Suka zauna suna kwancewa.