Sunan Hakimi a Juye

An yi wani sabon hakimi, rawani ma bai gama zama a kansa ba, ya sa Tanimu mai sassaƙa hatimi ya yi masa na sarauta. Da Tanimu ya kawo, hakimi ya duba ya ga haruffan sunansa duk a juye.

Ya ce, "Ni za ka juya wa suna?"

"Ranka ya daɗe, haka aikin yake. In an buga a takarda zai fito daidai."

"Ban yarda ba. Ya miƙe a jikin hatimi, ya miƙe a takarda. In ka kasa, ka bar mini ƙasata."

Tanimu ya tuna rumfarsa da iyalinsa, ya ƙara durƙusawa. "Zan yi, amma sai na ga samfuri. Ga jama'a na fuskantarka. Ɗaga hannun dama, su ma su ɗaga nasu."

Aka ɗaga. Na hakimi yana gabas, na jama'a yana yamma.

Tanimu ya ce, "To, a mai da su gefe guda."

Hakimi ya yi jim, can ya miƙe ya juya wa jama'a baya. "Ga shi nan."

"Madalla. Haka zan sa hatimin ya juya wa takarda baya. Sai dai duk umarninka zai fita ba suna, har da na korata."

Hakimi ya juyo a hankali, ya jefa hatimin a aljihu, ya dubi fadawa. "Wa ya yi maganar kora a nan?"